Ƙetare Manyan Duwatsu da Ƙafa da Keke

Duk wanda ya taɓa tuƙa keke a ƙasar Gaya ya san bambancin kwari da tudu. A cikin kwari, inda shinkafa da rake da giginya suke, keke gudu yake yi kamar ana tura shi. Amma da an nufi tudun marmara da ke sama da kwarin, sai tafiya ta sake. Mai keke ya miƙe tsaye bisa feda, yana nishi, kaca tana ƙara. In kuwa ya ɗauko buhun gero, dole ya sauka ya tura. Wannan hawa na ƴan mintoci ne kawai. To, yara, ku yi tunanin hawan da mutum zai fara da ƙafa bayan sallar asuba, ya yi ta yi har azahar bai kai ƙarshensa ba. Akwai irinsa a duniya. Akwai kuma mutanen da ke zuwa takanas don su yi shi, wasu da ƙafa, wasu da keke.

Kafin mu je can, sai mu san yadda ake auna dutse. Ba daga gindinsa ake aunawa ba, daga fuskar teku ake farawa, domin ita ce ma'aunin da duk ƙasashe suka yarda da shi. Garin Gaya yana wajen mita 200 bisa teku. Yana cikin wurare mafi ƙasa a Nijar, shi ya sa ruwan kogin Kwara da na Dallol Mauri duk wannan yanki suke gangarowa. Agadas tana wajen mita 500. A arewa da ita duwatsun Abzin suke, mafi tsawonsu kuwa yana cikin Bagazam, mita 2,022. Babu wurin da ya kai shi bisa a ƙasarmu. Kun taɓa jin ana yabon doki bagazam? Daga can ya samo sunansa. A saman Bagazam akwai ƙauyuka da garake, inda Abzinawa ke noman albasa da tafarnuwa da dankalin turawa. Shekaru aru-aru ba a hawa can sai da ƙafa da jaki, ta ƴan tsagogin da ke tsakanin duwatsu.

A Turai akwai jerin duwatsu da ake kira Alp. Ku nemo su a taswira, a arewacin Italiya. Sun lanƙwashe kamar lauje, tsawonsu wajen kilomita 1,200, watau kamar tafiyar Gaya zuwa Yamai sau huɗu. Ƙasashe takwas ne suka raba su, manyan cikinsu su ne Faransa da Italiya da Suwis da Otirish da Jamus. Wanda ya fi kowane bisa shi ne Mont Blanc, ma'anarsa Farin Dutse. Ya haura mita 4,800, ya fi ninki biyu na Bagazam. Fari ne domin dusar ƙanƙara ba ta barin kansa duk shekara. Wannan dusa ba irin ƙanƙarar da ke faɗowa da hadari a nan ba ce, mai kama da tsakuwa. Ita laushi gare ta. Tana saukowa a hankali kamar audugar rimi, ta taru ta rufe hanya da gida da itace.

To, ga katanga mai wannan tsawo tsakanin mutanen arewa da na kudu, kowa kuma yana son gishiri da cuku da tufafin ɗan'uwansa. Ta ina za su bi?

Mashigi

Kun san mashigin ruwa. In gulbi ya kawo, ba ko'ina ake faɗawa ba, wurin da ba shi da zurfi ake nema. Dutse ma yana da mashigi, shi ne wurin da bayan dutsen ya lotsa tsakanin tsini biyu. Da faransanci ana ce masa col, kalmar da ake kiran wuyan riga da ita.

Ku dubi sirdin doki. Gabansa ya yi sama, bayansa ya yi sama, tsakiya inda mahayi ke zama ya lotsa. A ce tururuwa tana kan likkafar dama, tana son zuwa ta hagu. Ba ruwanta da tsinin gaba ko na baya, ta mazauni za ta bi. Amma duk da haka sai ta hau, sa'an nan ta gangara. Haka mashigi yake. A wurin dutse shi ne mafi ƙasa, a wurin matafiyi kuwa shi ne mafi bisa a duk tafiyarsa.

A kan mashigi ruwa yake rabuwa. Akwai wani da ake kira Grand-Saint-Bernard, tsakanin Suwis da Italiya, mita 2,469. Ruwan da ya gangara arewa daga wurin yana shiga kogin Rhône, ya ratsa Faransa. Wanda ya gangara kudu yana shiga kogin Po, ya ratsa Italiya. Ɗigo biyu da suka faɗo kusa da juna ke nan, kowane ya kama gabansa.

Waɗanda suka riga mu bi

A watan Satumba na 1991 wasu Jamusawa biyu suna yawon dutse a kan iyakar Otirish da Italiya, sama da mita 3,200, sai suka ga gawar mutum ta ɓullo daga cikin ƙanƙara. Suka zaci wani ne ya halaka kwanan baya. Da masana suka bincika, sai suka tarar ya yi wajen shekara 5,300 a nan, sanyi ya hana shi ruɓewa. Aka sa masa suna Ötzi. Yana da hular fatar dabba, da gatarin tagulla, da takalman da aka cusa wa busasshiyar ciyawa don ɗumi. Har garwashin wuta ya ɗauko, a naɗe cikin ɗanyen ganye. Mutum ne da ya san abin da dutse ke bukata. Ba sanyi ne ya kashe shi ba, an sami tsinin kibiya a kafaɗarsa ta hagu.

A shekara ta 218 kafin haihuwar Annabi Isa, wani sarkin yaƙi ɗan Afirka, Hanibal, mutumin Kartaj da ke ƙasar Tunisiya ta yau, ya ƙetare Alp da runduna da dawakai har da giwaye, don ya auka wa Rum ta inda ba ta zata ba. Ya ƙetare, amma ya yi hasarar mutane da dabbobi masu yawa. Har yau masana tarihi suna gardama a kan mashigin da ya bi.

Shi Grand-Saint-Bernard, wajen shekara ta 1050 wani malamin addinin Kirista mai suna Bernard ya gina zango a kansa, domin fatake da masu ziyarar ibada zuwa Rum suna yawan mutuwa a wurin. Almajiransa suka riƙa zama can rani da ɗari. Duk wanda ya iso a ba shi wuta da abinci da makwanci, ba a tambayarsa ko shi wane ne. Daga baya suka yi kiwon wasu manyan karnuka masu gane hanya ko da dusa ta rufe ta, masu kuma jin ƙanshin mutumin da ta binne. Wanda ya fi suna cikinsu shi ne Barry, da ya rayu daga 1800 zuwa 1814. An ce ya ceci mutum wajen 40. Zangon yana nan har yanzu, yana karɓar baƙi.

Ta nan kuma Napoleyon na Faransa ya bi a watan Mayu na 1800 da soja wajen 40,000. Igogin yaƙi ba su jawuwa bisa ƙafafunsu cikin dusa, sai aka kwance su, aka fafe gungumen itace kamar kwalekwale, aka sa su ciki, mutane suka ja. Wani mai zane ya zana shi bisa ingarman doki ya yi tsaye da ƙafa biyu. Wannan kirarin fada ne kawai. Bisa alfadari ya hau, wani ɗan ƙauyen wurin yana jan masa linzami.

Don me hanyar ke lanƙwasa?

In kun ga hoton hanyar mashigi za ku ce maciji ne ya kwanta a jikin dutse. Ta yi dama, ta juyo hagu, ta sake yin dama. Wani zai ce ɓata lokaci ne, ga saman can ana gani, don me ba a miƙe ba?

Ku lura da jaki in ya ɗauko gishirin Foga ya zo tudu. Ba ya tunkarar tudun kai tsaye. Yakan karkata nan, ya karkata can, ba wanda ya koya masa. Ku lura kuma da masu loda gangar mai a mota. Ba su iya ɗaga ta, sai su jingina katako su gangara ta sama. In katakon gajere ne, ya yi tsaye da yawa, sai mutum huɗu. In dogo ne, mutum biyu sun isa, sai dai turin ya fi nisa. Aikin ɗaya ne, ganga ta bar ƙasa ta hau mota. Abin da aka rage na ƙarfi, an biya shi da nisa. Lanƙwasar hanya dogon katako ce da aka naɗe a jikin dutse.

Ana auna tsananin hawa da kashi cikin 100. In aka yi tafiyar mita 100 aka ɗaga sama da mita 7, sai a ce hawan kashi 7 ne cikin 100. Za ku ce ai kaɗan ne. Ku tambayi mai keke.

A Italiya akwai mashigin Stelvio, mita 2,757. An gina hanyarsa daga 1820 zuwa 1825, don kekunan doki. Ta ɓangaren arewa maso gabas tana da lanƙwasa 48, kowace da lambarta a rubuce. Mai hawa yana fara ganin 48 a ƙasa, lamba tana raguwa har ya kai ta ɗaya kusa da sama. Daga ƙauyen Prato da ke gindi zuwa kan mashigin wajen kilomita 24 ne, ana ɗagawa wajen mita 1,800. Kilomita 24 a shimfiɗaɗɗiyar hanya tafiyar awa ɗaya da rabi ce ga yaro mai keke. A Stelvio babban mutum mai ƙarfi, wanda ya yi shiri, yakan yi awa biyu zuwa uku, kuma babu inda zai saki feda ya huta sai in ya tsaya.

Asirin keken hawa

Ku je ku ƙirga haƙoran keken gidanku. Akwai babban faranti mai haƙora a wurin feda, akwai ƙarami a ƙafar baya, kaca ta haɗa su. A ce na gaba yana da haƙori 44, na baya 22. In feda ta zagaya sau ɗaya, ƙafar baya ta zagaya sau biyu. Da'irar taya ta ɗan haura mita 2, saboda haka kowane zagayen feda yana kai mutum gaba fiye da mita 4. A fili wannan daɗi gare shi. A tudu kuwa, duk nauyin hawan mita huɗun nan yana kan taki ɗaya, shi ya sa gwiwa ke gazawa.

Keken hawan dutse yana da farantai da yawa a baya, goma ko fiye, daga ƙarami zuwa babba, da wani ɗan ƙarfe mai ɗauke kaca daga wannan ya ɗora ta a kan wancan ana cikin tafiya. Shi ake kira sake giya. In hawa ya tsananta, sai mai keke ya sa kaca a kan haƙori 34 a gaba, 34 a baya. Yanzu zagayen feda ɗaya zagayen taya ɗaya ne, mita 2 kawai. Ƙafa tana juyawa da sauri ba nauyi, keke yana tafiya kamar hawainiya. Dabarar dogon katako ce aka sake yi, wannan karo da kaca. Sannu ba ta hana zuwa.

Mutanen da ba su sami wannan sauƙi ba. Babban tseren keke na zagaya Faransa, Tour de France, an fara shi a 1903. A 1911 aka fara bi da shi ta mashigin Galibier, wanda hanyarsa ta yau ta kai mita 2,642. A lokacin hanyar ta ƙasa ce da tsakuwa, kekunan masu nauyi. Émile Georget ne ya fara isa sama, yawancin sauran kuwa turawa suka yi. Dabarar da suke da ita a zamanin ita ce faranti biyu, ɗaya a kowane gefen ƙafar baya. In an zo gindin dutse sai mutum ya sauka, ya kwance ƙafar, ya juya ta, ya ɗaure, ya hau. Shugaban tseren, Henri Desgrange, ya daɗe yana ƙin na'urar sake giya, a ganinsa ta raggaye ce. Sai a 1937 aka yarda kowa ya sa ta. Da shi ne ke tura keken, da bai kai haka yana gardama ba.

Hawa wahala ce, amma haɗari a gangara yake. Masu tsere sukan wuce kilomita 80 a awa, ga lanƙwasa a gaba, ga rami a gefe. Wanda ya riƙe birki bai saki ba, ƙarfe ya yi zafi, birkin ya rage kamu. Ƙa'ida ita ce a matse kafin a shiga lanƙwasa, a saki a cikinta, ido yana kallon inda za a fita. Ko gwanaye ba su tsira ba. A watan Yuni na 2023 wani gwanin tsere ɗan Suwis, Gino Mäder, mai shekara 26, ya kauce hanya a gangaren mashigin Albula ya faɗa kwazazzabo. Washegari ya rasu.

Iska da sanyi

Ga wata tambaya. Wanda ya hau dutse ya ƙara kusantar rana, to don me yake jin sanyi?

Rana ba iska take fara dumamawa ba. Ƙasa take gasawa, ƙasa kuma ta dumama iskar da ke kanta. Iskar da ke ƙasa a matse take, domin duk wadda ke sama ta danne ta. In ta tashi sama sai dannin ya ragu, ta baje, in ta baje kuwa sai ta huce. Kuna iya gwada wannan da kanku. Ku yi ta buga famfon keke, ku taɓa bakinsa, za ku ji zafi, domin kun matse iska. Sa'an nan ku saki iskar taya a bayan hannunku, za ku ji sanyi, domin ta baje.

Duk mita 1,000 da aka hau, zafi yana raguwa da wajen digiri 6 da rabi. In a kwari digiri 20 ne, a kan mashigin da ya fi shi da mita 2,000 wajen digiri 7 ne, ko da rana ta take. Mai keke ya iso jiƙe da gumi, ya juya gangara, iska ta buge shi, nan da nan yatsu su sandare har ya kasa matsa birki. Saboda haka ba a hawa sai da rigar sanyi a aljihu. Masu tsere na da, jarida suke karɓa daga hannun ƴan kallo su cusa a ƙirji ƙarƙashin riga, ta tare musu iska.

Da yake iskar sama a baje take, kowane numfashi abin da yake kawowa kaɗan ne. A mita 2,500 huhu yana samun wajen kashi uku cikin huɗu na abin da yake samu a bakin teku. A kan Mont Blanc ya ɗan fi rabi kaɗan. Zuciya sai ta ƙara bugu, mutum ya yi ta haki. Daga wajen mita 2,500 wasu sukan kamu da ciwon dutse: ciwon kai, tashin zuciya, rashin barci. Babban maganinsa shi ne a sauko. Wanda ya yi makonni a sama kuwa, jikinsa yakan ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini masu ɗaukar iska, ya saba. Ko tukunya tana jin bambanci. A mita 2,500 ruwa yana tafasa tun yana wajen digiri 92, saboda haka wake yakan daɗe bai nuna ba.

Sararin sama kuma ba shi da alkawari a can. Ranar 26 ga Yuli 2019, tsakiyar lokacin zafinsu, masu tseren Tour de France suka hau Iseran, mita 2,764, mashigin da ya fi kowane bisa cikin masu kwalta a Alp. Suna cikin gangara sai ƙanƙara ta zubo a gabansu, laka ta zaftaro ta toshe hanya. Dole aka tsai da tseren ranar. Wanda ya fara isa saman Iseran, Egan Bernal ɗan Kolombiya, shi ya ci tseren shekarar. A garin da ya haura mita 2,600 ya girma.

Yawancin manyan mashigan nan wata huɗu ko biyar kawai hanyarsu take buɗe, daga wajen Yuni zuwa Oktoba, watau daidai da daminarmu. Sauran shekara dusa ta rufe. Motoci sukan bi ta ramukan da aka huda ƙarƙashin duwatsu, kamar na Grand-Saint-Bernard da aka buɗe a 1964.

Masu tafiya da ƙafa

Inda kwalta ta ƙare, ƴar siririyar hanyar ƙafa take ci gaba. A Suwis allunan wannan hanya ba kilomita suke faɗa ba, awa suke faɗa: wuri kaza awa uku. Sun yi gaskiya, domin kilomita ba ta gaya wa mutum kome a dutse. Mai tafiya da jaka a baya yakan ɗaga mita 300 zuwa 400 a awa. Wanda ya saba, gajeren taki yake yi, bai ɗaya, ba ya gudu ba ya yawan tsayawa. Baƙo ne ke fita da sauri kamar an kore shi, a tarar da shi zaune a gaba yana haki.

Da farko hanya tana ratsa daji. Wajen mita 2,000 itatuwa su ƙare, sai makiyaya mai gajeriyar ciyawa. Nan manoman kwari ke hawo da shanunsu a watan Yuni, da ƙararrawa a wuya, su yi ta yin cuku, su sauko a Satumba, kamar yadda Fulani ke kai garke arewa da damina su komo da kaka. Sama da nan babu kome sai dutse da tsakuwa da ragowar dusa. Ana gane hanya da fenti fari da ja a jikin duwatsu, da kuma tsibin duwatsun da matafiya suka tara.

Hanyar da ta fi suna ita ce mai zagaya Mont Blanc. Wajen kilomita 170 ce, ta ɗan fi Gaya zuwa Doso, amma tana ratsa ƙasa uku, Faransa da Italiya da Suwis. In an tara hawanta duka ya kai wajen mita 10,000, ana yin ta cikin kwana goma ko sha ɗaya. Ana kwana a zangunan dutse. A bar takalmi a bakin ƙofa, a ci abinci tebur ɗaya da wanda ba a sani ba, a kwanta da wuri. Da sassafe ake tashi, domin hadari mai tsawa da yamma ya fi tasowa, mutum a tsaye a kan mashigi kuwa shi ne abu mafi tsawo da aradu za ta samu. Kafin a fita sai an gaya wa mai zango inda aka nufa, don in ba a iso ba a san inda za a nema.

Ƴan Afirka a kan mashigi

A Tour de France akwai farar riga mai ɗigon ja da ake ba wanda ya fi maki a hawan tudu. A 2015 Daniel Teklehaimanot ɗan Eritiriya ya sa ta na ƴan kwanaki, shi ne baƙar fatar Afirka na farko da ya sa ta. Babban birnin ƙasarsu, Asmara, ya haura mita 2,300, ya fi Bagazam bisa, kuma keke shi ne wasan da suka fi so. Ranar 1 ga Yuli 2024 wani ɗan ƙasar, Biniam Girmay, ya zo na ɗaya a tseren ranar, a birnin Turin na Italiya. Washegari shi da sauran suka ƙetara zuwa Faransa ta mashigin Montgenèvre, wajen mita 1,850, da rana tsaka, hanya a share, jama'a suna tafi.

Akwai wasu ƴan Afirka masu bin wannan mashigi, amma da dare. Tun wajen 2017 samari da yawa daga Gine da Mali da Kodibuwar da wasu ƙasashen yankinmu, waɗanda suka ratsa hamada, wasunsu ta Agadas, suka ƙetare teku zuwa Italiya, sukan nemi shiga Faransa ta Montgenèvre ko ta maƙwabcinsa Échelle, mita 1,762. Ba su da takardu, saboda haka sukan bar hanya su shiga daji don gudun ƴan sandan iyaka. Mashigan nan biyu ba su kai Galibier ko Stelvio ba, ko kusa. Amma mai keke a watan Yuli yake zuwa, su kuwa har a Disamba da Janairu, cikin duhu, da takalmin zane, ba safar hannu, ba su taɓa taka dusa ba, ba su san hanya ba. Sanyi mai tsanani yana kashe yatsu kamar yadda wuta ke ƙona su. An yanke wa wasu yatsu, wasu ƙafa. A 2018, da dusa ta narke, an tsinci gawarwaki a gefen duwatsun.

Mutanen garin Briançon da ƙauyukan kewaye, cikinsu har da masu sana'ar ja-gora a dutse, suka shiga fita da dare rukuni-rukuni, ɗauke da shayi mai zafi da barguna da takalma, suna neman waɗanda suka ɓata. Sun kuma buɗe musu masauki a cikin gari.

Tambayoyi

1. Mene ne mashigin dutse? Ku zana sirdi a allo, ku nuna inda tururuwa za ta bi.

2. Don me hanyar Stelvio take da lanƙwasa 48?

3. Wata hanya tana da kilomita 10, tana ɗagawa mita 600. Hawanta kashi nawa ne cikin 100?

4. A ce zafin Gaya digiri 40 ne a watan Afrilu. In da akwai dutsen da ya fi garin da mita 2,000, digiri nawa za a samu a kansa?

5. Mai tafiya yana ɗaga mita 300 a awa. Ya tashi daga mita 1,000 da ƙarfe 6 na safe. Da ƙarfe nawa zai kai mashigi mai mita 2,500?

6. Ku ƙirgo haƙoran farantin gaba da na baya na wani keke a unguwarku, ku auna da'irar tayarsa da igiya. Mita nawa yake ci a zagayen feda ɗaya?

7. Ku nemi ma'anar waɗannan kalmomi na faransanci, ku rubuta su da hausa: col, sommet, vallée, pente, neige.